Makullin jabu: yadda wiwi ke buɗe ƙofar da ba don ita aka yi ba

Bayan sallar isha'i ne, muna zaune a bencin wani mai shayi can wajen Ƙofar Ƙaura, ɗan yayata da ke aji biyu a jami'a ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, saurari wannan." Wani Bature ne da farar riga irin ta likitoci yake ta zuba bayani, wai jikin ɗan Adam da kansa yana yin wiwi, wai akwai wurare a ƙwaƙwalwa da aka tanada musamman dominta. Yaron ya karɓe wayarsa yana murmushin wanda ya ci muhawara tun ba a fara ba. "To ka ji. In dai jiki na yin abarsa, don me ake kama mutane a kanta?" Mai shayin, dattijo ne, ko ɗago kai bai yi daga kaskon ƙwai ba, ya ce ƙaryar Nasara ce, wiwi hauka ce kawai, shi ya san yaran unguwa nawa ta mayar masu bin bola.

Inda gizo ke saƙar shi ne Baturen bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, dattijon kuma abin da idonsa ya gani ya faɗa. Kofi biyu-biyu muka sha muna zancen. Abin da na yi ƙoƙarin warware musu a daren shi zan shimfiɗa a nan, tare da abin da benci bai ba ni damar faɗa ba.

Mu fara da rama. Wanda duk ya taɓa ganin ganyen wiwi ya san yana kama da na rama, yatsu-yatsu, har masana tsirrai suka raɗa wa rama sunan da ke nufin mai kama da wiwi. Amma ka cinye kwano guda na kwaɗon rama da ƙuli, abin da zai same ka bai wuce ƙoshi ba. Tsirrai da yawa muke ci, kaɗan ne ke taɓa hankali. Kafin sinadarin da ke cikin tsiro ya yi tasiri, sai ya tarar da wurin da ya dace da siffarsa a jikin mutum, kamar yadda makulli ba ya buɗe ƙofa sai haƙoransa sun yi daidai da kwaɗon. Wannan kwaɗon da ke zaune a bangon ƙwayoyin jijiya yana jiran saƙo, shi zan riƙa kira makarɓi.

An daɗe ba a san makullin da ke cikin wiwi ba. Mofin, sinadarin da ke cikin ofiyom, tun farkon ƙarni na 19 aka ware shi, amma na wiwi ya yi ta gagara saboda mai ne mai danƙo, cakuɗe da 'yan uwansa fiye da 100 masu kama da juna. Sai a 1964 wani masanin sinadarai a Isra'ila, Rafayel Meshulam, da abokin aikinsa Yehiyel Gawoni suka ware shi suka zana siffarsa. Shi ne THC. Meshulam ya sha ba da labarin yadda ya je wurin 'yan sanda suka ba shi kilo 5 na tabar da suka ƙwace, ya zuba a jaka ya shiga motar haya, fasinjoji suna ta tambayar juna warin mene ne wannan.

Makulli ya samu, amma aka yi shekara 24 ba a ga kwaɗon ba. Da yawa sun zaci THC jiƙa bangon ƙwayoyin jijiya kawai yake yi, kamar mai a tsumma, ya hargitsa su. A 1988 wata malama a Jami'ar Sent Luwis ta Amurka, Alin Hawlet, da ɗalibinta Wiliyam Diben suka nuna cewa akwai takamaiman wurin da yake maƙalewa a ƙwaƙwalwar ɓera. A 1990 wasu masu bincike a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke gina wannan makarɓi, aka sa masa suna CB1. Abin da ya ba kowa mamaki yawansa ne: a cikin makarɓan da ke danginsa, yana daga cikin waɗanda suka fi cika ƙwaƙwalwa.

Daga nan tambaya ta taso, irin wadda kowane maƙeri zai yi. Wa ke ƙera kwaɗo bai ƙera masa makulli ba? Ɓera dai ba ya naɗa taba. In ƙwaƙwalwarsa cike take da wannan makarɓi, to lallai akwai wani abu na cikin gida da ke buɗe shi. An taɓa yin irin haka a baya, domin a 1973 an gano makarɓan da mofin ke kamawa, bayan shekara 2 aka gano sinadaran jiki masu buɗe su. Aka shiga nema. A 1992, a ɗakin binciken Meshulam da ke Birnin Ƙudus, bayan an tace ƙwaƙwalen aladu masu yawa, aka samu wani ɗan ɗigon sinadari da ya shiga kwaɗon. Suka kira shi anandamid, daga wata kalmar tsohon harshen Indiya mai ma'anar ni'ima. A 1993 aka gano makarɓi na biyu, CB2, a Kambirij ta Ingila, wanda shi ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki da saifa. A 1995 ɗakin binciken Meshulam da wani a Jafan, kowa da kansa, suka gano makulli na biyu, 2-AG, wanda daga baya aka ga ya ninka anandamid yawa a ƙwaƙwalwa fiye da sau 100.

A nan ne na tsayar da ɗan yayata, domin a nan Baturensa ya karkace. Sunan da aka sa wa tsarin nan na makarɓai da makullansu da Turanci daga sunan wiwi aka ciro shi, ba don komai ba sai don ta hanyarta aka bi aka gano shi. Kamar baƙo ne ya shigo gari ta Ƙofar Guga, ya koma garinsu yana kiran birnin duka da Guga. Anandamid da 2-AG ba wiwi ba ne, siffar sinadarinsu ma ba ta kama da ta THC, daga kitsen da ke bangon ƙwayoyin jiki ake yanko su. Kifi na da tsarin nan, ƙadangare na da shi, tantabara da akuya duk suna da shi, kuma a lissafin masana ya girmi tsiron wiwi da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Ke nan ba jiki ne ke kwaikwayon wiwi ba. Wiwi ce ta zo da makullin da ya yi dace ya shiga kwaɗon gidan wani.

To me makullin gida yake buɗewa, kuma yaushe? Wannan ne wurin da ya cancanci a zauna a kai.

Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace biyu akwai ɗan tazara, wadda ta gaba ke watso sinadari ya tsallaka ya faɗa wa ta baya abin da za ta yi. Manyan saƙonnin iri biyu ne: gulutamet mai cewa "tashi", da GABA mai cewa "kwanta". Shekara da shekaru abin da ake koyarwa shi ne saƙo hanya ɗaya yake bi, daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ita mai karɓar ba ta da bakin magana.

Wanda ya taɓa zuwa lambu a Ajiwa ko a gindin madatsar ruwan Jibiya lokacin ban-ruwa zai gane matsalar da ke cikin wannan. Mutum ɗaya na can wurin inji yana sako ruwa, ɗayan na tsaye a bakin fangali da fartanya. Na wurin inji ba ya ganin fangalin. In ruwa ya cika zai kwashe irin albasa, na bakin fangali ne zai ɗaga murya ya ce, "Ya isa! Rage!" In babu wannan kiran da ke komawa baya, lambu ya zama tafki. A 2001 ɗakunan bincike uku, biyu a Amurka ɗaya a Jafan, suka nuna cewa wannan kiran shi ne aikin sinadaran nan. Idan saƙo ya yi wa ƙwayar da ke karɓa yawa, sinadarin kalshiyam ya kwararo cikinta, nan take sai ta yanko 2-AG daga kitsen bangonta. Shi kuma ya tsallaka tazarar ta baya, ya kama CB1 da ke bakin mai aikawa, ya sa ta rage watso saƙon. Ana yin haka na 'yan daƙiƙoƙi, sai wani sinadari mai aikin shara, MAGL, ya wargaza shi. Anandamid ma yana da nasa mai sharar, FAAH.

Abubuwa uku ke nan suka bambanta makullin gida. Ba a ajiye shi a rumbu, sai buƙata ta taso ake yin sa. Ba ya yawo, a fangalin da ruwa ya cika kaɗai yake aiki, maƙwabcin fangali bai san ana yi ba. Kuma ba ya daɗewa. Yanzu ka ɗauki THC. Hayaƙi ya shiga huhu, cikin daƙiƙoƙi ya bi jini ya kai ƙwaƙwalwa, ya kama CB1 ko'ina a lokaci guda, inda ruwa ya cika da inda bai kai ba, kuma masu sharar nan biyu ba su san shi ba, sai hanta ta yi ta fama da shi na sa'o'i. Kamar wani ne ya hau tudu da lasifika yana ihun "Ya isa!" ga duk lambunan Ajiwa tun daga hantsi har la'asar.

Mai hankali zai tambaya: in aikin abin rage saƙo ne, ya kamata mai shan wiwi ya yi tsit kawai, to ina dariya da surutu da jin daɗin suke fitowa? Amsar ita ce CB1 yana bakin masu cewa "tashi", yana kuma bakin masu cewa "kwanta", ya ma fi yawa a na biyun. Ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, dogarai ne ke tare jama'a kada su afka fili. In aka ce wa dogarai su zauna, ba shiru za a samu ba, turmutsutsu za a yi. A sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi, ƙwayoyin GABA su ne dogaran da ke riƙe da masu sakin dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da jin daɗi. THC ya zaunar da dogarai, dofamin ya kwararo. Wannan ne daɗin, kuma daga nan jaraba ke samo tushe. Shi ya sa ma taba ɗaya ke yin aiki biyu masu karo da juna: kaɗan ta kwantar wa wani da hankali, da yawa ta sa wani ya ji kamar an biyo shi, zuciya na bugawa, yana leƙen taga. Ya danganta da wane bakin ta fi toshewa, da kuma jikin mai shan.

In ka san inda makarɓan suka taru, halin mashayi ba zai ba ka mamaki ba. Suna da yawa a sashen da ke ajiye sabon abu a tunani, shi ya sa zai faro zance ya manta inda ya dosa. Suna da yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, mai daidaita motsi da lissafin lokaci, shi ya sa ɗan acaɓar da ya busa zai ga kamar ya taka birki da wuri alhali ya makara, minti biyar kuma ya zame masa kamar rabin awa. Suna sashen yunwa da na jin ƙamshi, shi ya sa zai tashi da tukunya. Jan ido kuwa jijiyoyin jini ne suka buɗe, bushewar baki kuma akwai makarɓan har a wurin da ke yin miyau. Wurin da suke da ƙaranci shi ne gindin ƙwaƙwalwa mai sarrafa numfashi. Wannan ne bambancinta da kodin da tiramol, waɗanda makarɓansu ke cike a wurin, har mutum ya kwanta barci numfashi ya tsaya. Masu kare wiwi suna son wannan hujjar, kuma gaskiya ce, sai dai rashin tsayar da numfashi ba shi ne rashin illa ba.

Bincike biyu ne suka fi nuna mini girman aikin tsarin nan a jikin da bai taɓa ganin taba ba. A 2001 wata mai bincike a Isra'ila, Esta Firide, ta ba jariran ɓeraye maganin da ke toshe CB1 a ranar da aka haife su. Suka daina shan nono, cikin 'yan kwanaki suka mutu. Nonon uwa kansa akwai 2-AG a ciki. Na biyun a Jamus aka yi shi a 2002. Aka koya wa ɓeraye tsoron wani sauti ta hanyar haɗa shi da ɗan jan lantarki, daga baya aka riƙa kunna sautin ba lantarki. Ɓerayen da ke lafiya suka saba, tsoron ya gushe. Waɗanda aka cire wa CB1 kuwa suka ci gaba da sandarewa duk lokacin da suka ji sautin. Sun iya koyon tsoro, sakinsa ne ya gagare su. Duk lokacin da na tuna wannan binciken, matan da suka gudo daga ƙauyukan Batsari da Safana ke faɗo mini a rai, waɗanda ƙarar babur da dare ke sa su zabura ko bayan shekaru a cikin birni. Ashe mantuwa ma aiki ce da ƙwaƙwalwa ke yi da kayan aiki, ba ɓacewar abu ba ce kawai. Kuma ma'aunin sinadaran nan yana ƙaruwa a jini bayan gudu ko ƙwallo mai tsawo, wanda ake ganin yana daga cikin dalilan sakayau ɗin da mai motsa jiki ke ji.

Yanzu ga abin da ke faruwa da wanda ya mayar da taba abincin yau da kullum. Ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido ana mata ihu. In lasifikar nan ta dame ta kullum, sai ta fara janye makarɓan daga bango zuwa ciki, kamar mai toshe kunne. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum, aka ga CB1 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a sassan saman ƙwaƙwalwa. Sakamakon farko kowa ya san shi: naɗi ɗaya da ke isarsa bara, bana sai uku. Na biyun ne ba a cika faɗa ba. Kunnen da aka toshe saboda lasifika, ba zai ji muryar na bakin fangali ba. Anandamid da 2-AG suna nan suna kira, amma masu jin su sun ragu. Shi ya sa za ka ji yaro na rantsuwa, "Wallahi in ban sha ba ba na iya cin abinci, ba na iya barci," kuma ba ƙarya yake yi ba. Inda ya yi kuskure shi ne zaton tabar ce maganin ciwon, alhali ita ta kawo shi. In ya daina, cikin kwana 1 zuwa 3 zai fara jin zafin rai, rashin barci, mafarkai masu firgitarwa da ƙin abinci. Abin ya fi tsanani a makon farko, yawancinsa ya lafa cikin mako 2. Binciken nan na 2012 ya sake ɗaukar hoton mutanen bayan kusan mako 4 ba su sha ba, aka tarar makarɓan sun dawo yadda suke.

THC kuma mai son kitse ne, yana laɓewa a kitsen jiki ya riƙa fitowa a hankali, shi ya sa gwajin fitsari ke kama mai sha sosai ko bayan makonni da dainawa. Wanda kuma aka zuba masa a abinci ko abin sha, tasirin kan yi jinkirin rabin awa zuwa awa 2, mutum ya zaci ba ta kama shi ba ya ƙara, hanta kuma ta juya shi zuwa wani sinadari mai ƙarfin gaske.

Sai batun haukar da dattijo mai shayi ya faɗa. A Suwidin an bi matasa fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja har shekara 15, sakamakon da aka buga a 1987 ya nuna waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka marasa sha sau 6 wajen kamuwa da ciwon taɓin hankali mai tsanani. A 2019 wani bincike a wurare 11 na Turai da Barazil ya nuna masu sha kullum sun ninka sau 3, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau 5. Duk da haka mafi yawan mashaya ba sa haukacewa, kuma duk wanda ya ce wa yaro "da ka sha za ka haukace" ya zubar da maganarsa, domin yaron na ganin abokansa goma suna sha suna zuwa kasuwa. Gaskiyar da za a faɗa masa ita ce caca ce, kuma ba kowa ke shigarta da hannu ɗaya ba. Wanda akwai taɓin hankali a danginsu, da wanda ya fara da ƙuruciya, su suka fi kusa da rami. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma tsarin nan yana cikin masu nuna wa jijiyoyi inda za su haɗu lokacin ginin. A lissafin da likitoci suka saba kawowa, cikin masu sha 10 ɗaya zai zama ba ya iya bari, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa ɗaya cikin 6. Ka ɗora wannan a kan ƙididdigar 2018 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wadda ta nuna 'yan Najeriya miliyan 10.6 sun sha wiwi a shekarar da ta gabata. Sannan tabar kanta ba ta jiya ba ce. A Amurka ma'aunin THC a wadda ake kamawa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 12 a 2014.

Akwai wadda ta fi wannan muni. THC, duk ɓarnarsa, makulli ne da ke murɗa kwaɗo rabi-rabi. A shekarun 1990 wani malamin jami'a a Amurka, Jon Hofman, ya haɗa ɗaruruwan sinadarai masu kama CB1 domin bincike kawai. 'Yan kasuwar bayan fage suka kwafe, a 2008 aka gano ɗaya daga ciki a wani ganye da ake sayarwa a Jamus. Irin waɗannan suna murɗa kwaɗon har ƙarshe. Su ake fesa wa busasshen ganye a sayar da sunan Kolorado ko Kolos, wanda jami'an NDLEA ke yawan kamawa, kuma danginsu na cikin kush, kayan mayen da ya sa shugaban Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024. Su kam suna kawo farfaɗiya, su lalata ƙoda, su kashe. Hujjar "ai ganye ne, daga ƙasa ya tsiro" ko kusa ba ta shafe su ba.

Kada kuma a ce masu farar riga sun fi wayo. Wani kamfanin magani a Faransa ya yi tunani mai kama da hikima: tunda buɗe CB1 na kawo yunwa, toshe shi zai rage ƙiba. Aka yi maganin, rimonaban, Turai ta amince da shi a 2006. Mutane sun rame kuwa, amma baƙin ciki mai tsanani ya rufe wasu har da tunanin kashe kai, a 2008 aka janye shi. Wasu suka bi ta ɗaya gefen, suka ce a hana mai shara FAAH aiki don anandamid ya taru. A Janairun 2016, a birnin Ren na Faransa, gwajin wani magani irin wannan ya kai mutum 6 asibiti, ɗaya ya rasu, daga baya aka ga maganin yana taɓa wasu sinadaran da ba su aka nufa ba. Akwai ma wata mata a Sukotland, Jo Kamaron, da labarinta ya fito a 2019, wadda aka haifa da raunin FAAH. Ba ta jin zafin ciwo, ba ta cika damuwa ba, sai da ta haura shekara 60 likitoci suka lura bayan an yi mata tiyata ba ta nemi maganin raɗaɗi ba. Kafin ka yi mata hassada, ta ce sau da yawa ƙaurin naman jikinta ne ke sanar da ita ta ƙone a murhu, ga kuma yawan mantuwa.

Inda aka ci nasara, da awo aka ci ta. Tun 1985 Amurka ta amince da THC na ƙwaya ga masu amai saboda maganin ciwon daji. A 2018 ta amince da wani magani mai suna Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani, shi kuma daga CBD aka yi shi, wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa domin ba ya murɗa CB1 yadda THC ke yi. Sinadari ɗaya tsantsa, ma'auni sananne, ciwo takamaimai, likita na duba hanta. Tsakanin wannan da ƙullin da ake miƙawa a bayan kango akwai tafiya. Farasitamol ma da muke haɗiya ba tunani, an gano a 2005 cewa wani ɓangarensa na rikiɗa a ƙwaƙwalwa ya zama sinadarin da ke taɓa wannan tsarin.

Har tukunyar mai shayinmu ba ta fita ba. Kanumfari na ɗauke da wani sinadari da aka nuna a 2008 yana kama CB2, makarɓin garkuwar jiki mai alaƙa da kumburi, wanda ba ya bugarwa. Masoro kuwa, masana 'yan Najeriya ne suka fara ware wani sinadari daga cikinsa a shekarun 1970, a 2014 masu bincike a Siwizalan suka nuna yana jinkirta kwashe anandamid, a gwajin ɗakin bincike da na ɓeraye. Da na faɗi wannan dattijon ya ajiye ludayi ya dube ni. "Malam, kana nufin shekara talatin wiwi nake dafa wa mutane?" Na ce a'a Baba, ɗan abin da ke cikin tukunyarka ko kyanwa ba zai sa wa layi ba. Ya ce to madalla, ya ƙara barbaɗa kayan ƙamshinsa.

Muka biya kuɗin shayi muka kama hanyar gida. Ɗan yayata bai ce komai ba har muka wuce shagunan da suka rufe, sai da muka zo daidai kwanar layinsu ya rage tafiya.

"Kawu, sati huɗu ka ce abin ke komawa daidai?"

Na ce haka binciken ya nuna, amma satin farko ne mai wuya, kuma an fi samun sauƙi in akwai likita a kusa.

"Wani abokina ne," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Na ce ya kawo mini abokin ranar Asabar bayan la'asar, ina gida.